Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Hana Dakarun Jiki Cinye Ciwon Daji?

TAMBAYA

Wata biyu ke nan da likitoci suka tabbatar wa yayata cewa ƙullutun da ke mamanta ciwon daji ne. Na taɓa ji a wani shirin rediyo cewa akwai wasu ƙwayoyin halitta a jikin mutum da ake kira makurofaj, aikinsu su haɗiye duk wata cuta da ta shigo. To in haka ne, me ya hana su cinye dajin? Ko garkuwar jikinta ce ta yi rauni? Dalilin tambayata shi ne wani ya kawo mana magani mai tsada, ya ce yana ƙara wa garkuwar jiki ƙarfi, ya kuma ba mu shawara mu dakata da maganar tiyata, wai daji ba ya son ƙarfe. Don Allah a yi mini bayani yadda zan gane.

Daga wata mai karatu a Funtuwa.

AMSA

Allah ya ba yayarki lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma ya ba ku ladan jinya. Abin da kika ji a rediyo gaskiya ne, sai dai rabin labarin aka ba ki. Waɗannan ƙwayoyi suna haɗiye cuta, kuma su ne masu share jiki da gyara shi in ya ji ciwo. Ta ƙofar gyaran nan ciwon daji yake ɓullo musu. Ki yi haƙuri mu bi maganar daga tushe, domin in kin san aikinsu a jikin mai lafiya, amsar tambayarki za ta fito da kanta, har da batun maganin da aka kawo muku.

Sunan makurofaj daga harshen Girkanci aka ɗauko shi, ma'anarsa babban maciyi. Da a bakin Bahaushe aka raɗa masa suna, da haɗiyau za a ce, kuma da wannan suna zan riƙa kiransa a nan. Ƙwayar halitta ce guda ɗaya, daga dangin fararen ƙwayoyin jini. Ido ba ya ganinta sai da madubin likita, don sai an jera kimanin 50 kafin su cika tsawon milimita ɗaya. Duk da haka, a cikin danginta ita ce ƙatuwa. Ba ta da tsayayyar siffa. Tana rarrafe, tana miƙa jikinta kamar ƙullu, in ta tarar da abin da ba ta yarda da shi ba sai ta kewaye shi ta rufe, ta jefa shi cikin wata 'yar jaka a cikinta, ta zuba masa ruwa mai tsami da sinadaran narkarwa har ya narke.

Wanda ya fara gane muhimmancin wannan aiki shi ne Élie Metchnikoff, masanin halittun dabbobi haifaffen daular Rasha. A shekarar 1882 yana zaune a Mesina, wani gari na bakin teku a tsibirin Sisili na ƙasar Italiya, yana nazarin jariran wata halittar teku mai siffar tauraro. Jikinsu garai-garai yake kamar gilashi, ana hango abin da ke gudana a ciki. Sai ya samo ƙaya daga lambu ya soka wa ɗaya, ya bar shi ya kwana. Da gari ya waye ya duba, ya tarar wasu ƙwayoyi masu yawo sun yi wa ƙayar dafifi. A wancan zamani likitoci da yawa sun ɗauka fararen ƙwayoyin da ake gani a wurin ciwo su ne ke yaɗa cutar. Metchnikoff ya ce a'a, faɗa suka zo yi da ita. Ya sha musu da manyan masana na Jamus, ya koma Cibiyar Pasteur da ke Paris ya ci gaba da bincike, har a 1908 aka ba shi lambar yabo ta Nobel tare da Paul Ehrlich.

Kowace unguwa da nata

Haɗiyau ba ya zama wuri ɗaya yana jiran a kira shi. Kusan kowace gaɓa ta jiki tana da nata mazauna, kuma kowanne ya koyi sana'ar unguwarsa. Na hanta suna jere a bakin ƙananan hanyoyin jini suna tace jinin da ya taso daga hanji, suna tsince ƙwayoyin cutar da suka biyo abinci. Ana kiransu da sunan Kupffer, Bajamushen da ya fara bayyana su a 1876. Na huhu suna zaune a cikin 'yan mitsi-mitsin buhunan iska, su ne ke kwashe ƙurar hunturu da hayaƙin murhu da muke shaƙa. Na ƙwaƙwalwa suna sintiri a tsakanin jijiyoyi, suna datse mahaɗar da ba a amfani da ita, kamar yadda mai lambu ke sassabe rassa. Akwai ma danginsu a cikin ƙashi da ke gwaguyar tsohon ƙashi don a samu gurbin gina sabo.

Wasu daga cikin mazaunan nan tun mutum yana cikin mahaifiyarsa suka kama wuri, suna hayayyafa a inda suke har tsufansa. Wasu kuma daga ɓargo ake ƙera su, su shiga jini su yi yawon kwana ɗaya zuwa uku, in an yi kiran gaggawa a wani sashe su ratsa bangon jijiya su fita, su rikiɗe su zama cikakkun haɗiyau. Waɗannan matafiya su ake kira monosait, kuma in kika duba takardar gwajin jinin yayarki za ki ga an ba su layinsu.

Aikin da ya fi cin lokacinsu shara ce. Jajayen ƙwayoyin jini kwana 120 suke yi su tsufa, kuma a kowace daƙiƙa kimanin miliyan 2 ne ke gama aiki a jikin baligi. Haɗiyau na saifa da na hanta su ke kwashe su. Ba zubar da su suke yi haka nan ba, sai sun yi irin aikin 'yan jari-bola: su farfasa tsohuwar ƙwaya, su cire sinadarin ƙarfen da ke cikinta, su mayar wa ɓargo a ƙera sabon jini. Jiki yana buƙatar miligiram 20 zuwa 25 na wannan ƙarfe kullum, alhali abin da hanji ke tsotsowa daga abinci bai wuce miligiram 1 zuwa 2 ba. Ragowar duka daga hannun waɗannan masu tsince-tsince yake fitowa. Abin da ya saura bayan an cire ƙarfen wani launi ne ruwan ɗorawa, wanda hanta ke fitarwa ta matsarmama. Shi ya sa mai amosanin jini, wanda jajayen ƙwayoyinsa ba sa wuce kwana 10 zuwa 20, idanunsa kan yi shawara: tarkacen ya fi ƙarfin masu kwashewa. Shi ya sa kuma saifar yaron da zazzaɓin cizon sauro ya yi ta kamawa take kumbura, aiki ne ya yi mata yawa.

Yaƙi, sannan gini

Yanzu ki ɗauka ƙaya ta soki yaro a ƙafa. Ƙwayoyin cuta sun shiga tare da ita. Haɗiyau mazaunin fatar wurin shi ne zai fara jin ƙanshinsu, domin yana da na'urorin gane irin suturar da ƙwayoyin cuta ke sanye da ita, wadda babu irinta a jikin ɗan Adam. Zai fara ci, kuma zai yi kururuwa ta hanyar sakin wasu sinadarai. Kururuwar nan ita ke buɗe jijiyoyin jini, wurin ya yi zafi ya kumbura ya riƙa zogi. In ta yi ƙarfi har ta kai ƙwaƙwalwa, sai jiki ya ɗau zafi, abin da muke kira zazzaɓi. Cikin 'yan sa'o'i wasu fararen ƙwayoyi masu saurin kai ɗauki za su kwararo, su yi faɗa su mutu a wurin. Gawarwakinsu ne mafi yawan abin da muke gani a matsayin mugunya. Haɗiyau da wani ɗan'uwansa mai yatsu kamar rassan itace kuma sukan ɗauki ɓurɓushin abokin gaba su nuna wa wata runduna ta ƙwararru da ake kira ƙwayoyin T, kamar yadda mai unguwa ke kai rahoton baƙon da bai yarda da shi ba gaban hakimi. Kaluluwar da ke fito wa yaron a matsematsi alama ce ta cewa labari ya isa barikin da rundunar take.

Bayan kwana biyu ko uku, in an ci galaba, sai ki ga abin mamaki. Haɗiyau ɗin nan da ya tayar da ƙura shi ne zai ajiye makami ya ɗauki cebur. Zai kwashe gawarwaki, ya saki sinadaran da ke cewa faɗa ya ƙare kowa ya koma gida. Zai kira masu saƙa nama su cike gurbi, ya ba da umarni a janyo sababbin jijiyoyin jini zuwa wurin, ya rusa tsohon gini da ya lalace don sabo ya samu hanya, ya ƙarfafa wa ƙwayoyin fata gwiwa su hayayyafa su rufe miki. Tun a 1975 aka gwada a jikin dabbobi cewa in an kawar da haɗiyau daga wurin rauni, warkewa takan yi jinkiri ƙwarai. A jikin mai ciwon sukari kuwa, sau da yawa sukan maƙale a halin faɗa su kasa juyawa zuwa gini, kuma wannan yana daga cikin dalilan da ke sa ɗan ƙaramin ciwo a ƙafarsa ya zama gyambo.

Ki riƙe wannan da kyau, don a kansa amsarki ta rataya: haɗiyau yana da hali biyu, na soja da na magini, kuma ba shi ke zaɓa ba. Saƙon da ya samu daga wurin da yake shi ke gaya masa wanda zai zama.

Akwai cututtukan da suka daɗe da gano lagonsa. Ƙwayar tarin fuka, wadda Robert Koch ya gano a Jamus a shekarar 1882 ɗin nan dai, takan bari haɗiyau na huhu ya haɗiye ta, sannan ta hana jakar narkarwa yin aikinta, ta mayar da cikinsa ɗakin kwana. Sai jiki ya tara wasu ƙwayoyin su yi wa wurin katanga, ta zauna a kurkuku shekara da shekaru. An ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa kamuwa da ita, mafi yawansu ba tare da sun yi tari ba, sai ranar da yunwa ko ƙanjamau ko tsufa suka raunana katangar. Haka ƙwayar cutar kala'azar da ke addabar yankin Gadarif a gabashin Sudan, ita ma a cikin haɗiyau take hayayyafa. To waɗannan baƙi ne, ɓuya kawai suke yi. Abin da daji ke yi ya wuce nan.

Da ɗan gari akan ci gari

Ciwon daji ba daga waje yake shigowa ba. Ƙwayar jikin mutum ce ta kansa, a nan ta mama, da rubutun umarnin da ke cikinta ya samu kurakurai, ta daina jin tsawatarwa, ta shiga hayayyafa ba ƙaƙƙautawa. Suturarta ta gida ce. Na'urorin haɗiyau da ke gane baƙo da kayan jikinsa ba sa ganin wani abin tuhuma sosai a tare da ita. Wannan shi ne dalili na farko.

Na biyu, lafiyayyun ƙwayoyin jiki suna ɗauke da wata shaida a bayansu mai suna CD47. Da haɗiyau ya taɓa ta, sai ya karanta saƙon cewa wannan ta gida ce, kada a ci. A shekarar 2009 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka, ƙarƙashin Irving Weissman, suka nuna cewa ƙwayoyin sankarar jini suna ƙara yawan wannan shaida a jikinsu, daga baya kuma aka same ta da yawa a wasu nau'o'in daji. Ɓarawo ne ya rataya katin shaidar 'yan gida har guda goma, mai gadi yana ganinsa yana buɗe masa ƙofa.

Na uku shi ne mafi muni. Ƙari yana girma da sauri har ya fi ƙarfin jinin da ke isa gare shi. Tsakiyarsa ba isasshiyar iska, ƙwayoyi suna mutuwa, nama yana yagewa. A wurin haɗiyau, duk waɗannan alamomin rauni ne. Ƙarin kuma yana sakin sinadaran kira da gangan, ciki har da wani mai suna CSF-1, sai monosait su yi ta kwararowa daga jini. Da sun iso, saƙon da suke tararwa shi ne na gini. Sai su zage damtse su yi wa daji duk abin da suka saba yi wa miki. Ƙari ba ya iya wuce milimita 1 zuwa 2 in ba a janyo masa jijiyoyin jini ba, su kuwa sun iya wannan aiki, sai su janyo masa. Su saki sinadaran da ke sa ƙwayoyi hayayyafa. Su rusa shingen naman da ke kewaye da shi, wanda a da ya tsare shi wuri ɗaya. In ƙwayoyin T suka iso da niyyar faɗa, su tare su da saƙon cewa yaƙi ya ƙare. An ma ɗauki hoton ƙwayoyin sankarar mama a jikin ɓeraye masu rai suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da haɗiyau zuwa bakin jijiyar jini, inda suke shiga su bazu. A wasu ƙararrakin, in an ƙirga ƙwayoyin da ke ciki, haɗiyau kan kai kusan rabi.

Wannan alaƙa an daɗe ana hango ta. Tun a 1863 Rudolf Virchow, babban likitan Jamus, ya lura da fararen ƙwayoyin jini a cikin ƙari, ya yi hasashen cewa daji yakan tsiro a inda kumburi ya daɗe. A 1986 Harold Dvorak na Jami'ar Harvard ya kwatanta ƙari da miki wanda ya ƙi warkewa. A 2001 kuma ɗakin binciken Jeffrey Pollard a birnin New York ya kawo hujja mai ƙarfi. Sun samu ɓeraye masu saurin kamuwa da sankarar mama, suka haɗa irinsu da waɗanda jikinsu ba ya yin CSF-1, wato masu ƙarancin haɗiyau. Ƙarin ya fito kamar yadda aka zata, amma ya yi jinkirin zama mugu, kuma bazuwarsa zuwa huhu ta ragu ƙwarai. A jikin mutane ma, a sankarar mama da wasu nau'o'i da dama, yawan haɗiyau a cikin ƙari ya fi tafiya tare da ciwo mai zafin nama. Ba a ko'ina haka take ba, domin a sankarar babban hanji an sha ganin yawansu a gefen ƙari yana tafiya da kyakkyawan sakamako. Wannan ya ƙara nuna cewa halin da suka ɗauka ya fi yawansu muhimmanci.

Hasashen Virchow kuwa muna ganinsa a asibitocinmu. Ciwon hanta nau'in B da ya zauna a jiki shekaru yana sa hanta cikin rauni da gyara ba hutu, har wata rana ƙwaya ɗaya ta kauce hanya. Ƙwan tsargiya da ke maƙale a bangon mafitsara yana jawo kumburin da kan kai ga sankarar mafitsara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To kin ga, tambayarki ta ko garkuwar jikin yayarki ce ta yi rauni, amsarta ita ce ba lallai ba ne. Mata da yawa masu cikakkiyar lafiya, waɗanda ko mura ba ta cika kama su ba, suna samun sankarar mama. Dakarun suna nan, da yawansu ma a cikin ƙarin suke, suna aiki tuƙuru. An yaudare su ne suna yi wa maƙiyi hidima da zuciya ɗaya.

Abin da likitoci ke yi a kai

Tunda aka gane haka, masu bincike sun bi hanyoyi daban-daban, wasu sun yi nasara, wasu sun ci tura. Tsohuwar hanya da ta tabbata ita ce tayar da dakarun daga barci da wani baƙo na gaske. Allurar BCG da ake yi wa jarirai a damtse don rigakafin tarin fuka, wadda ke barin tabo, tun 1976 wani likita a Kanada, Alvaro Morales, ya nuna cewa in an ɗura ruwanta a cikin mafitsara tana hana sankarar mafitsara da ba ta yi zurfi ba dawowa. Har yau ana amfani da ita. Wata hanyar ita ce ɗora wa ƙwayar daji tuta. Maganin trastuzumab, da aka amince da shi a Amurka a 1998, yana manne wa wata alama mai suna HER2 da ake samu da yawa a kusan kashi ɗaya cikin biyar na sankarar mama. Yana toshe saƙon hayayyafa, kuma yana sa dakarun jiki, har da haɗiyau, su gane ƙwayar su afka mata. Shi ya sa likita ke aika ɗan naman da aka ciro a gwada shi a san irinsa kafin a tsara magani.

An kuma yi ƙoƙarin rufe katin shaidar nan na CD47. A jikin ɓeraye abin ya yi kyau har aka ɗora masa buri. Amma da aka kai wani magani mai suna magrolimab babban gwaji a jikin masu sankarar jini, bai ba da amfanin da aka sa rai ba, aka dakatar da gwaje-gwajen a tsakanin 2023 da 2024. Ɗaya daga cikin wahalhalun wannan hanya shi ne jajayen ƙwayoyin jini ma da wannan kati suke tsira, in an rufe shi sai haɗiyau ya far musu. Akwai masu ƙoƙarin ciro monosait daga jinin majinyaci su sauya musu umarni a ɗakin bincike su mayar, amma wannan yana matakin gwajin farko.

Na kawo miki waɗannan ne don ki auna da kanki. Manyan jami'o'i da kamfanoni sun kashe shekaru da maƙudan kuɗi suna neman yadda za su juya halin haɗiyau a cikin ƙari, wasu lokuta suna faɗuwa. Mai kwalba da ya ce maganinsa yana ƙara wa garkuwa ƙarfi, wane ɓangare na garkuwar yake ƙara wa? In maginin da ke yi wa daji aiki ne, ai an ba kura ajiyar nama. Garkuwar jiki ma ba a son ta yi ƙarfi ba linzami, domin kururuwar haɗiyau in ta wuce kima ita ke rusa gaɓoɓi a lokacin da cuta ta shiga jini, ita ke cin gaɓɓai a wasu nau'o'in amosanin gaɓɓai. Ban da haka, maganin da ba a san abin da ke cikinsa ba yana iya taɓa hanta ko ƙoda, alhali su ne za su ɗauki nauyin maganin asibiti. Kada yayarki ta sha komai sai likitanta ya gani.

Maganar daji ba ya son ƙarfe

Wannan magana ta daɗe a bakin mutanenmu, kuma na san inda ta samo asali. Mace takan ji ƙullutu ta yi shiru don kunya ko tsoro, a yi shekara ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, sai ciwo ya fashe ya bazu sannan a kai ta asibiti. In ta rasu bayan an yi aiki, sai a ce ƙarfe ne ya taɓa shi, a manta da watannin da aka ɓata. Allurar da ake ciro ɗan nama da ita don gwaji ba ita ke sa mutum ya rasa ransa ba, ita ke nuna wa likita da wa yake faɗa.

Wataƙila ki ce, to ai ka gaya mana daji yana cin moriyar miki, tiyata kuwa miki ce. Tambaya ce mai ma'ana. Bambancin shi ne yankan likita yana warkewa cikin 'yan makonni, haɗiyau su gama aikinsu su watse. Ƙarin da aka bari kuwa miki ne da ba ya rufewa, kullum yana kiran sababbin ma'aikata, kullum ana ƙara masa hanyoyin jini da zai bi ya tafi huhu ko hanta ko ƙashi. Cire shi tun yana wuri ɗaya shi ne rushe masa sansani. Maganin kemo da gashi da ƙwayoyin da ake sha bayan aiki kuma an tsara su ne don su bi sawun abin da ya ɓuya. A ƙasashen da ake gano sankarar mama da wuri a kuma yi magani cikakke, fiye da mata 90 cikin 100 suna raye bayan shekara biyar, kamar yadda alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya suka nuna. A ƙasashenmu adadin ya yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba, kuma babban dalili shi ne zuwa a makare da yanke magani a tsakiya.

In kina son taimaka wa garkuwar jikin yayarki, ga inda ƙoƙarinki zai yi amfani. Ki kula da cin abincinta, wake da ƙwai da kifi da nama da ganye gwargwadon hali, domin da su ɓargo ke ƙera sababbin ƙwayoyi. In tana da ciwon sukari a daidaita shi kafin aiki don miki ya warke da wuri. A nisanta ta da hayaƙi da masu tari. In an fara kemo, ku sani yana rage fararen ƙwayoyin jini na ɗan lokaci, saboda haka duk zazzaɓin da ya zo a wannan tsakani na gaggawa ne, asibiti za a nufa ko da tsakar dare, ba kantin magani ba. Ke ma da sauran 'yan'uwanku mata ku riƙa duba mamanku, ku gaya wa likita cewa an samu ciwon a gidanku. Jarirai a yi musu rigakafin ciwon hanta tun ranar haihuwa, 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kuma a kai su rigakafin sankarar bakin mahaifa, wanda Nijeriya ta shigar cikin jerin allurai tun watan Oktoba na 2023.

Kuɗin da za ku ba mai kwalba ku adana shi don gwaje-gwaje da kuɗin mota. Ku yi addu'a, ku riƙe ta da kyau, ku kuma koma wurin likitanta a wannan makon a tsayar da ranar aiki. Wata biyu sun riga sun wuce, kada a bari na uku ya bi su. Allah ya ba ta lafiya.